Iya Ja-da-Baya da Randar Mararraba

Ni dai ban san shekarar da aka haife ni ba. Abin da aka gaya mini shi ne, ina goye aka soma yanka wa mutane filaye a Tudun Wada, jirgin ƙasa kuwa bai daɗe da fara kuka a Zariya ba, tsofaffi na toshe kunne in ya taho. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata Bilkisu ce ta zauna da takarda ta ce sai na faɗa mata wannan zance tun daga tushe. To ga shi nan, yadda na riƙe shi.

Tudun Wada ta wancan zamani ba gari ba ce, zango ce da ta ƙi tashi. Birni na can bayan ganuwa, da mutanensa waɗanda suka san inda aka binne kakannin kakanninsu. Sabon Gari na hayin rafin Kubanni, da mutanen kudu masu aikin jirgi da kantuna. Mu kuwa aka ajiye mu a tsakani, mu da muka zo daga ko'ina. Shingen zana ne da bukkoki, sai ɗakin ƙasa jefi-jefi. Ba a kiran gida da sunan mai shi, sai da sunan inda ya fito: gidan Kanawa, gidan Nufawa, gidan Barebari, gidan Katsinawa. Ko akuya ce ta ɓata, sai ka ji an ce an ga wucewarta wajen gidan Nufawa.

Gidanmu kaɗai ba shi da irin wannan suna. Ana ce masa gidan Ja-da-baya.

Iya ce ta jawo mana sunan, kakata wadda ta haifi babana. Ita ta goya ni, don mahaifiyata ta rasu ina jaririya. Mahara suka ɗauke Iya tun ba ta yi famfara ba. Ta bi hannu da yawa kafin ta tsaya a wani rinji, inda bayi ke noma wa mai gida. Saboda yawan kukanta aka sa mata suna Dangana. Sunanta na gida ya ɓace mata, harshen gida ya zube daga bakinta, sunan garin ma bai zauna ba. Wasu kan ce daga duwatsun kudu take, amma garuruwan duwatsu ba sa ƙirguwa. Da Nasara ya zo aka ce an bar sayar da mutum, ta jira har babana ya kawo ƙarfi ya shiga aikin diga, wato shimfiɗa hanyar jirgi, sannan ta biyo shi. Wannan labari ba ta taɓa ba da shi da tsawo ba. Ni ma na tsinto shi ne kaɗan-kaɗan.

Iya maginiyar tukwane ce. Amma ba ta gini irin na maginan Birni, waɗanda ke zama su kife tsohuwar tukunya su lulluɓe ta da yumɓu. Ita sai ta ɗora curin yumɓu a kan gindin tsohon turmi, ta nutsa masa dunƙule, ta sunkuya, sannan ta soma zagaye shi da baya-baya. Hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, tana ja, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu, tana zagayawa. Tukunyar na tsaye wuri ɗaya, Iya ce ke juyawa. Ba ta duban ƙafarta, ba ta tuntuɓe. Ka ga abu yana tashi daga turmi a hankali, ciki ya buɗe, wuya ya tsuke, baki ya kwanta. Kuma ba ta ɗora kaya a ka, sai a kafaɗa. Ko yumɓun da muke haƙowa a bakin Kubanni, a kafaɗa take kawo nata.

Yaran unguwa kan leƙo ta kafar zana suna rera mata:

“Ja-da-baya, ina zuwa?”

Ita kuwa ba ta ɗaga kai. Sai ta ce, “Gida.” Su kwashe da dariya su watse.

Ni a lokacin ban fi shekara goma ba, kuma wannan dariya tana cina. Wata safiya muna bakin rijiya, 'yan mata suka soma fariyar garuruwa. Ta-Annabi ta gidan Kanawa ta ce kasuwar garinsu ba a gama zagaye ta a yini ɗaya. 'Yar gidan Nufawa ta ce a garinsu ruwa ya fi ƙasa yawa. Aka zagayo kaina.

Ta-Annabi ta ce, “Ke fa Kande? Ko ku daga cikin tukunya kuka fito?”

Ban san lokacin da bakina ya ce, “Mu Katsinawa ne” ba.

Ashe Gwaggo Hure tana bayana da guganta, dattijuwar gidan Katsinawa, maƙwabciyarmu da shinge ɗaya ya raba mu. Ta saki igiya ta riƙe haɓa.

“Iko sai Allah! Ashe ɗiyar gida ce ban sani ba. To ɗiyata, ku wace ƙohwa kuke a Katsinar?”

Ni kuwa a duniya ƙofar gari ɗaya na sani, wadda nake bi in shiga Birni da tallan tukwane. Na ce, “Ƙofar Doka.”

Har yau ina jin dariyar nan. Wata ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Gwaggo Hure ta share hawaye ta ce, “Kai, Katsinarku da kusa take! A je a dawo tuwo bai huce ba.”

Na ɗauki tuluna ko cika shi ban yi ba. Na tarar da Iya zaune tana shafa gwiwoyinta da man kaɗanya. Na dire tulun da ƙarfi.

“Iya, mu 'yan ina ne?”

“'Yan nan.”

“Nan ai ba gari ba ne. Kowa da garinsu.”

Ta ci gaba da shafa gwiwarta.

Na ce, “To ni na bar taka yumɓu. Ba zan koya ba. Ke ma ki bar yawon nan da baya, ana yi mana dariya.”

Ta dube ni ta ce, “To, mutuniyata.” Haka take kirana.

Sai dai in faɗa muku abin da wannan magana tawa ta taka. A kwanakin nan dattawan unguwa sun zo sun roƙi Iya ta gina musu babbar randa, a kafa ta gindin ceɗiyar mararraba, inda hanyar tasha ta haɗu da hanyar Birni. Fatake da 'yan dako da baƙin da jirgi ke zubarwa duk nan suke bi, ba inda za su jiƙa maƙogwaro. Aka ce gidaje za su riƙa cika ta bi da bi, sadaka. Iya ta amsa. Amma gwiwoyinta sun riga sun kumbura. Ƙaramar tukunya takan lallaɓa ta zagaye, randa kuwa kwana uku ake yi ana zagayawa a sunkuye. Ba ta da wata 'ya mace, babana kuma yana can inda hanyar jirgi ta kai shi. Ni ce ƙafafun da ta sa rai da su. In na ƙi, ba randa, kuma ranar da Iya ta kwanta, ginin nan ya kwanta tare da ita.

Kwana uku ban taɓa yumɓu ba. Ita ta taka abinta, tana dafe da bango. Ina gani, ina kau da kai.

Rana ta huɗu ta faɗo ranar gashi. Mu a gidanmu wutar hira ba ta murhu ba ce, wutar gashin tukwane ce. Bayan la'asar, in iska ta kwanta, sai a jera busassun tukwane a filin bayan gida, manya a ƙasa, ƙanana a bisa, a lulluɓe su da kara da ciyawa da ƙiraruwa, a cinna. Wuta ce da ba a barinta ita kaɗai. Sai an zauna ana dubawa, inda ta yi rami a cusa ciyawa. Saboda haka duk ranar gashi yaran unguwa ke taruwa, har da masu leƙen zana, kowa da 'yar gyaɗarsa ko guntun rogo da zai binne a toka. Iya ba ta taɓa korar kowa ba. Takan zauna a 'yar kujerarta da doguwar gora a hannu, wutar na haska gefen fuskarta, ƙanshin ƙasa mai zafi ya cika wurin.

Ran nan rana ba ta gama faɗuwa ba ta gyara murya. Sai ga muryar Gwaggo Hure ta bayan shinge:

“Ke Dangana! Tatsuniya da sauran rana? So kike ki ɓata?”

Don haka aka ce, wai mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake.

Iya ta ce, “Hure, ni da na ɓata tun ba ki san hannun damarki ba. Saura me kuma?”

Gwaggo Hure ta yi dariya, ta zagayo da taburmarta.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, “Ga wata ta taso daga nesa.” Mu kuma mu amsa, “A ba ta wuri ta sha ruwa.” Ran nan kowa ya amsa, ban da ni. Ina can gefe na juya baya, amma kunnena na wurin.

Ta ce wai an yi wata tukunya da ta farka ta ga kanta a tsakiyar daji. Ba gida, ba murhu, ba kowa. Ta shafa wuyanta, ta ji sawun yatsu. Ta ce lalle akwai mai hannun da ta gina ni, kuma sai na nemo ta. Ta kama mirginawa tana waƙa. Iya ta rera da 'yar siririyar muryarta:

“Ni tukunya, 'yar wa ce ni?
Ga sawun yatsa a wuyana,
Mai yatsa ta yi nisa,
Wa ya ga inda ta bi?”

Ta yi ta tafiya har ta kai bakin rafi, inda ramin yumɓu yake. Ta ce, “Rami, rami, kai ka haife ni?” Rami ya ce, “'Ya'yana masu laushi ne, in na kira su sukan narke su dawo. Ke kin yi tauri. Ko daga nan kika fito, ba ki komowa.” Ta wuce.

Ta tarar da wuta tana cin daji. Ta ce, “Wuta, wuta, ke kika haife ni?” Wuta ta ce, “Na ga tabona a gefenki, lalle mun taɓa gamuwa. Amma ni ba na riƙon 'ya'ya. Abin da ya shiga hannuna, ko ya zama toka ko ya zama kansa.” Ta wuce.

Ta isa wata babbar kasuwa. Ga tukwane nan jeri-jeri, kowane jeri da garinsa. Ta matsa kusa da na farko, suka ce, “Bakinki ba irin namu ba ne.” Ta matsa na biyu, suka ce, “Gindinki ba irin namu ba ne.” Na uku suka tambaye ta sunan garinsu, ta ƙaga wani ta faɗa, suka yi ta dariya har murafensu na faɗuwa.

Nan yara suka soma waiwayena. Gwaggo Hure ta yi tari. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Iya ba ta dube ni ba. Ta cusa ciyawa a wani rami da wuta ta yi, ta ci gaba. Ta ce tukunya ta fita kasuwa tana kuka, ta yi ta mirginawa har ƙarfinta ya ƙare a wata mararraba, inda babu komai sai itace guda. Ta zauna gindinsa, baki sama, ta ce ni kam na gaji. Da dare ya yi hadari ya taso, aka kwana ana ruwa, ta cika fal.

Da safe ga wani maƙeri, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Ya sha, ya yi hamdala, ya ce bari in huta nan kwana ɗaya. Ga wata mata da goyo, an kore ta daga inda take. Ta sha, ta ba ɗanta. Ta ga ruwa ya yi ƙasa, sai ta je rafi ta ɗebo ta ƙara. Ga masaƙi, ga mai jaki, ga makaho da ɗan jagoransa. Kowa ya sha sai ya ce gobe zan wuce. Goben ba ta zo ba. Wannan ya kafa bukka, wancan ya kafa rumfa, aka yi aure, aka yi haihuwa, aka yi mutuwa aka binne.

Bayan shekaru sai ga manzon wani sarki ya biyo hanya, ya ga gari inda bai san da gari ba. Ya tsayar da wata yarinya ya ce, “Ke, ku 'yan ina ne?” Yarinya ta dube shi kamar ya tambaye ta ko rana na fitowa. Ta ce, “Mu ai 'yan Tukunya ne.” Tukunya kuwa tana gindin itace tana ji.

Iya ta buga gorarta a ƙasa ta ce, “Ta sha ruwa ta wuce. Wanda ya ga inda ta nufa ya zo ya gaya mini.” Haka take rufewa.

Ban san na juyo ba sai da na ji muryata. “To ta ga uwar tata?”

“Ba ta gan ta ba.”

“Ashe ba ta ƙare ba ke nan.”

“Ta ƙare mana, mutuniyata. Ba kowace tatsuniya ke mai da mutum gida ba.”

Wuta ta lafa. Ta tashi da ƙyar, ta riƙa zaro tukwane da gora, jajur da su, tana yayyafa musu ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, da tsintsiya, suna cuu, hayaƙi na tashi. Aka kira magariba, yara suka tone gyaɗarsu suka watse. Saura ni da ita. Na ɗauki ƙwaryar makubar na riƙe mata, ba don ta ce ba.

Can ta ce, “Kin tambaye ni garinmu. Ban san sunansa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Fuskar uwata ma ta ɓace mini. Abu ɗaya ya rage. Ina tsugune a ƙasa, ina wasa da laka, sai in ga dugaduganta suna tahowa wajena da baya. Su zo, su wuce, su zagayo, su sake zuwa. Farare da ƙura, da faso a na hagu. Shi ke nan abin da na zo da shi. An karɓe sunana, an karɓe bakina, amma ba wanda ya san akwai abin karɓa a ƙafa.”

Ta zaro wata tukunya, ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta saurara.

“In ina zagayawa, ina bayanta ne. Shi ya sa in yaran nan sun tambaya nake gaya musu gaskiya.”

Washegari tun ba ta idar da lazimi ba na jiƙa yumɓu na hau takawa. Ta fito ta gan ni, ta ce, “Akwai tsakuwa a gefen can, ƙafarki ba ta ji ba?” Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta sa na daka tsingaron tsofaffin tukwanenta da suka fashe, na tankaɗe, muka cuɗa cikin sabon yumɓu, don in babu tsohuwa a jikin sabuwa, ba ta jure wuta.

Ranar farko ta kama ƙullin zanena ta baya, tana ɗingishi tana ja na. “Kada ki dubi ƙafa, ta san hanya. Bakin tukunya za ki duba.” Na yi zagaye uku jiri ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin kwaɓaɓɓen yumɓu. Ta yi dariya har da tari. Ban taɓa jin ta yi irin wannan dariya ba. “Tashi, ai ba ke za a gasa ba.”

Rana ta biyu ta koma kujera, sai baki. “Sassauta hannun ciki. Kina shaƙe ta. Ke, randa ce ko wuyan kaza?” Bayana ya riƙe, cinyoyina suna rawa. Randa ta kawo mini ƙugu, ta wuce. Ana cikin haka na ji motsi a zana, sai muryar Ta-Annabi:

“Ja-da-baya ƙarama, ina zuwa?”

Na tsaya cak. Iya ta ce a hankali, “In kin tsaya bakin zai bushe. Amsa mata ki wuce.”

Na ce, “Gida.” Muryar ba ta fita sosai ba, amma na faɗa, ƙafata kuma ta ci gaba.

Rana ta uku aka sa mini dutse na taka don in kai baki. Iya ta miƙe ta yi mata ado a wuya da totuwar masara, sannan ta kama babban yatsana ta danna shi a ƙarƙashin baki, kusa da nata. Randar ta ɗan karkata, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Na ce a rushe a sake. Iya ta ce, “Ruwa za ta riƙe, ba sarauta ba.”

Ta yi kwanaki tana shan inuwa kafin ta bushe. Ranar gashinta ba a yi tatsuniya ba, don babbar randa kan fashe a wuta, in ta fashe kuwa da ƙara take yi. Muka zauna shiru, har Gwaggo Hure, muna sauraron kara na ƙonewa. Da toka ta kwanta Iya ta miƙo mini gora ta ce in ƙwanƙwasa. Na ƙwanƙwasa. Ta amsa da murya wasai, doguwa, kamar ana kiran mutum daga nesa.

Maza huɗu suka kai ta gindin ceɗiya. Gwaggo Hure ce ta fara zuba tulu, tana cewa, “A ba mu wuri, mu da Katsinawan Ƙofar Doka ne masu aikin.” Wannan karon har da ni a dariyar. Asabar gidan Kanawa ke cikawa, Lahadi gidan Nufawa, haka har mako ya zagayo. Mata da ba sa jin maganar juna sosai suka saba a gindin itacen nan. Mai ƙosai ta kafa kasko, wanzami ya shimfiɗa buzu, aka share wurin salla. Kafin a jima, in baƙo ya tambayi gidan wani, sai a ce masa, “Ka san Bakin Randa? To daga nan.”

Bayan kamar shekara biyu wani abu ya faru. Ina gini a ƙofar gida, Iya na zaune, sai ga wasu mata sun biyo hanya daga tasha, kowace da kaya a kafaɗa. Suka sha ruwa a randa. Ɗaya daga ciki, dattijuwa, ta tsaya tana shafa adon wuyan randar, sannan ta hango ni. Ta sauke kayanta. Ba sallama, ba magana, ta zo ta sunkuya a ɗaya gefen tukunyar, ta sa hannu, ta soma ja da baya. Muka yi ta zagayawa ni da ita, taki ɗaya, ba wadda ta taka wata.

Iya ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba. Matar ta yi mata magana da harshensu. Iya ta kasa kunne, ta kasa kunne, sannan ta girgiza kai. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Suka riƙe hannun juna suna kallon juna, hawaye na zuba. Wani ɗan rakiyarsu mai jin Hausa ya ce, wai matar ta ce haka ake gini a wajensu, garuruwa da yawa, in Iya na so ta bi su, a yi ta tambaya ko Allah zai sa a dace.

Gabana ya faɗi. Iya ta dubi hanya, ta dubi ceɗiya, ta dube ni da laka har gwiwar hannu.

Ta ce, “Ka ce mata na gode. In ta koma ta gai da duwatsu. Ta ce musu 'yarsu da ta ɓata ta yi gari.”

Ta zaɓi tukunya mafi kyau ta ba ta. Matar ta ɗora a kafaɗa suka wuce. Damina biyu bayan haka Iya ta rasu, aka binne ta a nan.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin lallashi, irin abin da babba kan gaya wa yaro don ya bar kuka. Sai da na yi aure na haifi nawa, wata rana na ji ɗana na fari yana faɗa da wani yaro a waje, yana bugun ƙirji yana cewa, “Ni ɗan Bakin Randa ne, ka tambaya!” Na ajiye muciya na zauna. Ashe Iya ba lallashina take ba. Aiki take nuna mini. Tun ina yarinya nake zaton asali abu ne da ke bayan mutum, wanda in an raba ka da shi ka tashi a tutar babu. Ban san wani asalin a gaba yake ba, yana jiran wanda zai gina shi ya zuba masa ruwa.

Yanzu Tudun Wada ta cika ta batse, gidaje sun haɗe har Tudun Jukun, jikokina wasu na Hanwa wasu na Kwangila. Nakan ji samari suna cewa su ne 'yan asalin unguwa, wane kuwa baƙo ne. In na ji sai in kira su in tambaye su wace ƙofa suke. Ba sa gane abin da ke ba ni dariya. Na ga wurin nan lokacin da kowa baƙo ne, kuma ruwan randa ɗaya ya mai da mu 'yan gari.

Randar ta fashe da tsufa, bayan an kawo famfo. Na kwashe tsingaronta na daka, na yi shekaru ina zuba shi kaɗan-kaɗan a tukwanen da na gina. Suna nan cikin gidajen mutane, ba su sani ba. Guntu ɗaya na ajiye, mai sawun yatsu biyu.

Bilkisu, wadda ke rubuta wannan, tana koyon zane da ginin tukwane a babbar makarantar Samaru. Ta ce can a zaune suke yi, wani faifai ne ke juya musu yumɓun. Rannan ta zo mini fuska ba walwala, wai an ce kowa ya yi aikin da zai nuna asalinsa, abokanta kowa ya san inda zai dosa, ita kuwa ba ta san me za ta nuna ba. Ta ce, “Kaka, mu 'yan ina ne?”

Na sa aka kife mini tsohon turmi a tsakar gida, aka ɗora curin yumɓu. Na daka rabin guntun nan na barbaɗa a ciki. Na ce ta tuɓe takalmi.

Gwiwoyina yanzu sun zama irin na Iya, don haka a ƙasa nake zaune, kan taburma. Ta sunkuya, ta sa hannu ɗaya ciki ɗaya waje. Na ce kada ta dubi ƙafa. Ta yi taki ɗaya, ta yi na biyu, tana tangaɗi. Sai na ga dugaduganta suna tahowa wajena da baya. Suka zo, suka wuce, suka zagayo.

Na ce, “Bilkisu, ina zuwa?”

Ba ta ɗaga kai ba.